Delu da 'Yarta Mai Ƙona Ruwa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kontagora tsakanin shekarun da fara ta cinye gonaki da ƙarshen yaƙin Hitila ya rera waƙar Delu, ko ya san tata ce ko bai sani ba. Da waƙarta aka rarrashe shi yana goye, da ita yayyensa mata suka yi gaɗa a dandali, da ita kuma aka yi masa dariya ran da jaki ya kayar da shi. Ita kuwa Delu ba ta taɓa kiran kanta mawaƙiya ba. In an ce mata haka sai ta ce, "Ni mai man kaɗe ce. Bakina ne kawai ba ya jin magana."

Gidanta yana bayan kasuwa, daura da rumfunan masu hatsi, da wata tsohuwar tsamiya a ƙofa. Gajeruwa ce, kakkaura, mai wushirya, hannuwanta kullum suna sheƙin mai. Aikin man kaɗe kuwa ba na raggo ba ne. Da damina a shiga daji a tsinto 'ya'yan kaɗanya, a dafa ƙwarar, a shanya, a fasa, a soya, a daka, sannan a durƙusa gaban dutsen niƙa har ta yi laushi kamar kunu. A gaban dutsen nan waƙa take zuwa wa Delu. Hannu ya tafi ya dawo, baiti ya faɗo. Maƙwabta su ji ta kan danga, 'yan mata su ɗauka su kai rijiya, daga rijiya a kai dandali, kafin kasuwa ta sake ci waƙa ta zagaye gari.

Ba wanda ya tsira. A zamanin akwai wani duba-gari na hukumar En'e mai gemu, wanda yake shiga gidaje yana leƙa randuna, in ya ga ƙwaro ya sa a zubar da ruwan. Ran da ya zubar wa Delu randa biyu, kafin la'asar yara suna bin kekensa suna cewa:

Duba-gari mai farin wando,
ya leƙa randa, ya hangi gemu,
ya ce a zubar, da ƙwaro a ciki.

Mutumin ya yi fushi, ya ce zai kai ƙara wurin alkali. Daga baya an ji shi da bakinsa yana rera ta a hankali yana hawan gangaren mahauta.

Mijinta Shaba Banufe ne, kafinta, ya zo Kontagora da aikin gadojin hanyar Zungeru, ya ga gari ya yi masa, ya zauna. Mutum ne mai shiru, in ya yi magana uku a yini an ce yau Shaba ya yi surutu. Tun Delu tana budurwa tana tallan man uwarta yake zuwa kullum ya sayi curi guda. Da abin ya yi yawa ta ce masa, "Kai wai shan man nan kake yi?" Ya ce a'a, zartonsa yake shafa wa. Sai bayan an kai ta ɗakinsa ta ja wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado, ta tarar da curin mai jere, ko ɗaya ba a taɓa ba. Washegari unguwa ta ji:

Shaba ya sayi mai bai shafa ba,
ƙafa da faso, zuciya da ni.

Shaba ya yi mako yana bin bayan gari zuwa wurin aiki don kunya. Amma an lura bai ce ta daina ba.

Ɗansu na fari namiji ne, aka sa masa Mahmudu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, Delu kuwa ba ta iya riƙe ɗa a hannu bakinta a rufe, sai ta kira shi baƙon safe, don da hantsi ya zo. Tana niƙa, yana bayanta, tana cewa:

Baƙona na safe, ɗan dugwi-dugwi,
ka zo babu kaya, ka cika ɗaki.
Yi barci, rana ba ta gudu,
in ka tashi tana nan, ni ma ina nan.

Ya fara tafiya ke nan, yana kama kujera yana saki, ƙyanda ta shigo unguwar ta tafi da shi. Bayansa aka sami Saliu, mai dariya ba haƙori, shi ma da waƙarsa, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin yaye. Sai mace, Nma, wadda Shaba ya sa wa sunan da ake kiran uwarsa, ita tari ne. 'Ya'yan suka tafi, waƙoƙinsu suka zauna a gari. Delu takan fito shanya ta ji wata mace a can bayan danga tana jijjiga jaririnta da baƙon safe. Sai ta ajiye faifai ta koma ɗaki.

Tsoffin mata suka ce wabi ne. Wadda ta fi kowa faɗa a fili ita ce Ramotu, maƙwabciyarta, ungozomar unguwa, wadda goro ya rina wa haƙora kuma ba ta san rufa-rufa ba. Da cikin Delu na huɗu ya tsufa, Ramotu ta shigo ta zauna kan turmi ba a ba ta wuri ba.

"Delu, ke kike yi wa mutuwa shela," in ji ta. "Kowa ya sami abu mai kyau sai ya rufe ƙofa ya yi shiru. Ke kuwa sai ki durƙusa gaban dutse ki gaya wa duniya kin haifi zinariya, har da kwatancen gida. To ina laifin mai zuwa ɗauka?"

Shaba ya kai maganar wurin limamin unguwa. Liman ya aiko a gaya wa Delu rai na Allah ne, waƙa ba ta taɓa kashe kowa ba. Delu ta ce, "Gaskiyar Malam ne." Ta kuma bi maganar Ramotu.

Ran da ta haihu, mace ce. Aka wanke jaririya, aka naɗe ta a tsumma mafi tsufa a gidan, aka sa ta a fasasshiyar ƙwarya, Delu da kanta ta lallaɓa ta ajiye ta kan juji bayan gida, ta juya baya. Ramotu, wadda take laɓe bayan danga tana jira, ta fito tana tafa hannu.

"Kai, jama'a! Wa ya yar da wannan abu?"

"Ba nawa ba ne," in ji Delu.

"Ba kya so?"

"Me zan yi da shi? Dubi kan kamar tulu."

"To ni na tsinta. Amma ba ni da nono. Ungo, na ba ki kyauta, ki riƙe mini."

Ran suna malamai suka raɗa mata nata sunan, amma ba wanda ya riƙe shi. Kyauta ce ta bi ta.

Delu ta yi wa kanta alkawari ba za ta yabi wannan ba, ko a zuci in da hali. Sai dai alkawarin bai ce ta yi shiru ba, kuma ko ya ce ba za ta iya ba. Abin da ya rage mata shi ne zambo. Yarinya ba ta ko iya zama ba aka fara zarginta da ƙona ruwa:

Kyauta, Kyauta, mai ƙona ruwa,
an aike ta wuta, ta dawo da toka,
an aike ta rijiya, ta bar guga ciki.
Wa ke so? Ku zo ku ɗauka.

Yarinya ta yi rarrafe, ta yi tafiya, aka yaye ta, ƙyanda ta zo ta wuce ta bar ta da ɗan tabo a goshi kawai. Delu ta ga magani yana ci, ta ƙara ƙaimi. Kowace shekara da sabbin baitoci. Kyauta ta share tsakar gida kaji sun ɓata hanya. Kyauta ta tuƙa tuwo an kira Shaba da zarto ya yanka. Kyauta ta yi wanka kifi sun yi ƙaura zuwa Yawuri. Duk cikin waƙoƙin Delu babu waɗanda suka yi tafiya kamar waɗannan, domin yabo na mai shi ne, dariya kuwa ta kowa ce. Fatake masu jakuna suka kai su Nasko da Salka, yaran mota suka kai su Sahon Rami. A garuruwan da ba a taɓa ganin Delu ba, in yarinya ta fasa tulu sai uwarta ta ce, "Kin zama Kyauta."

A Kontagora kowa ya san gaskiya. Kyauta ta tashi doguwa irin ubanta, mai natsuwa, mai tsabta har ta yi yawa. Tun ba ta kai ɗaurin ƙirji ba man da ta buga ya fi na uwarta fari, masu saye suna cewa a ba su na yarinyar. Da asuba ita take cika randar Ramotu kafin ta cika tasu. In 'yan mata suna waƙar mai ƙona ruwa a dandali, ita ce take ba da amshi da ƙarfi, tana dariya. An gaya mata dalili tun tana ƙarama, ta ce ta gane. Uwarta kuwa tana zaginta da baki tana tura mata tsokar nama da hannu, ta ce, "Ci, ko kya daina ba mutane tsoro."

Sau ɗaya kawai abin ya fito fili. Kyauta tana da kamar shekara goma sha biyu Shaba ya kwanta ciwon ciki da damina, bai tashi ba. Bayan Delu ta fita takaba ta koma gaban dutse, waƙar da ta fito ba wanda ya yi gaɗa da ita, amma mata sun riƙe ta:

Shaba ya bar zarto a rataye,
ƙofar da ya yi tana buɗewa ba ƙara,
mai shigowa ne babu.
Ya yi shiru da rai, na cika gida da magana,
yau ya yi shiru, na rasa ta faɗa.

Kyauta tana gefe tana fasa ƙwara. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Inna, waƙar Baba ta yi daɗi. Ni ma in na mutu za ki yi mini irinta?"

"Tashi ki ba ni wuri, mai baƙin baki," in ji Delu. Ta zagaya bayan ɗaki ta daɗe, ta dawo ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Aka shiga shekarun yaƙi, gishiri ya yi wuya, yadi ya fi shi wuya. A lokacin ne wani saurayi tela mai suna Lukuman ya zo daga Salka da keken ɗinkinsa a bayan jaki, ya kafa rumfa daidai gaban inda Delu da 'yarta suke jera ƙoren mai ran kasuwa. Aikinsa yawanci faci ne, da mayar da tsohuwar riga sabuwa. Bai yi wata ba ya fara tsallako hanya yana sayen curin mai. Ya ce kekensa yake sa wa.

Delu ta dube shi sama da ƙasa. Ta san keken ɗinki ba ya shan man kaɗe, ta kuma san wannan ciwon, ta taɓa ganin mai shi.

"Ɗana, ina kake tara shi? Ƙarƙashin gado?"

Lukuman ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kyauta ta shiga gyara ƙoren da ba su karkace ba.

Magana ta yi nisa, kawun Kyauta ya yarda, sai ya rage a ji daga Salka. Lukuman maraya ne, ƙanwar ubansa ce ta raine shi, Gwaggo Ruka, mai sayar da dawa da gero, mace mai faɗa a ji a layin masu hatsi. Ba zai yi aure ba da yardarta ba, ya kuma faɗi haka tun farko. Da ya je ya gaya mata sunan yarinyar da garinsu, Gwaggo Ruka ta ajiye mudu.

"Wace Kyauta? Ta waƙa? Wadda ta ƙona ruwa?"

Ya yi rantsuwa, ya yi bayani, ya roƙe ta ta je ta gani da idonta. Ta hau motar hatsi ta zo Kontagora ba ta aiko ba, ta yi sallama gidan Delu da azahar. Ta tarar da tsakar gida kamar an lashe. Aka kawo mata tuwon dawa da miyar kuka, ta ci ta suɗe hannu. Ta sa yatsa ta shafi cikin randa, ta duba bayan murhu, ta ce a kawo mata man da yarinyar ta buga, ta shinshina. Matan unguwa suka taru kamar masu zuwa barka, Ramotu a gaba da sandarta, don a lokacin ta tsufa ƙwarai.

Gwaggo Ruka ta juya wurin Delu. "'Yar'uwa, ke kika haife ta. Gaya mini tsakaninki da Allah, yaya halinta?"

Delu ta buɗe baki. Abin da ya saba fitowa shi ya fito. "Wannan? Ko kaza ba ta iya kora."

Mata suka kwashe da dariya. Kyauta, wadda take durƙushe da butar wanke hannu, ba ta yi ba. Ramotu ta fara bayanin wabi da juji da fasasshiyar ƙwarya, Gwaggo Ruka ta ɗaga mata hannu.

"Iya, mu ma muna da wabi a Salka. Mukan sa wa yaro sunan banza, a huda masa kunne ɗaya, shi ke nan. Ban taɓa ganin uwar da ta mai da abin sana'a ba. Yarinya kam na gani, ba ta da aibu, tuwonta ya fi nawa, kada ku gaya wa kowa. Amma ni da bakina na yi waƙar nan ina auna gero. Babu 'yar da ba ta iya ta ba a garinmu. In na kai ta, ran da ta fara zuwa rijiya za su tare ta da ita, su tare ni da ita a kasuwa, 'ya'yan da za ta haifa a ce musu 'ya'yan mai ƙona ruwa. Ni ba zan bi gida-gida ina cewa ƙarya ne ba. Bakin da ya ɗaura shi zai kwance. Ki yi mata wata waƙar, ta gaskiya, ta riga amarya isa Salka. In na ji ta a bakin yaran garinmu kafin a gama girbin dawa, zan zo da goro. In ban ji ba, kowa ya riƙe nasa."

Ta yi godiyar tuwo, ta nemi a ƙulla mata ɗan mai, ta tafi.

Daga ranar dutsen Delu ya yi ta niƙa ba waƙa. Unguwa ta rikice. Matan da suka saba sanin lokacin ɗora tukunya da muryarta suka riƙa makara. Wani ya zo ya tambaya ko an yi rasuwa. Delu kuwa in ta ɗaga ido ta ga Kyauta tana wucewa da tulu, doguwa, lafiyayya, sai ta ga ƙananan kaburbura uku a bayan gari, ta mayar da kai ga dutse.

Kyauta ba ta roƙe ta ba. Sau ɗaya ta ce, "Bar shi, Inna, ba dole." Ta daina zuwa kasuwa, ta ce aiki ya yi yawa a gida. Lukuman ya ci gaba da tsallako hanya yana sayen mai wurin uwar, ya biya ya koma.

Ramotu ce ta kasa haƙuri. Ta dogaro sanda ta zo ta zauna kan turminta na da.

"Ke wai me kike jira? Dawa ta fara ja."

"Iya, ke fa kika ce kada in yabe ta."

"Ni cewa na yi har a yaye ta! Wa ya ce miki har ta yi furfura?"

"Ba ki faɗi yaye ba."

"Ban faɗa ba?" Ramotu ta tauna goro ta yi tunani. "To a zuciyata na faɗa. Kuma ke ma da naki. Mutuwar nan baƙuwa ce a Kontagora? Shekara nawa tana shiga unguwar nan tana fita, ba ta taɓa ganin yarinyar tana ɗebo mini ruwa ba? Sai ta jira ki gaya mata?"

Delu ta yi dariya ba ta so ba, amma tsoro bai sake ta ba. Ramotu ta tafi tana mita.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Delu tana shanya ƙwara sai ta ji baƙon safe daga bayan danga. Wannan karon ba ta koma ɗaki ba, ta leƙa. Wata 'yar amarya ce da jaririnta na fari, tana jijjiga shi tana cewa rana ba ta gudu. Delu ta san yarinyar. Ta tuna uwar yarinyar tana goye da ita tana yi mata wannan waƙar a wannan tsakar gidan. Ta tsaya ta fara tuna sauran da aka raina da ita, ga wanda ya zama mahauci, ga wanda ya tafi soja, ga masu ƙiba, ga masu rashin kunya, gari guda suna yawo da ƙafafunsu. Waƙar da ta ɗauka ta kira wa ɗanta mutuwa ta yi shekara da shekaru tana sa 'ya'yan mutane barci suna tashi.

Sai kuma wani tunanin ya biyo baya, wanda ya sa ta zauna kan dutse. Mahmudu yana da waƙarsa, Saliu da Nma suna da nasu, Shaba yana da biyu. In ita Delu ta kwanta gobe ba ta tashi ba, abin da ta bar wa wadda ta rayu, wadda ta zauna da ita, shi ne toka da guga a rijiya.

Ran kasuwa ta ce wa Kyauta ta ɗauko ƙoren mai ta biyo ta, ba ta son musu. Ta sa aka ɗauko mata dutsen niƙan ma, ta ce ba ta iya waƙa hannu sake. Ta jira har rana ta ɗaga, fataken Salka suka sauke jakunansu a layin hatsi, yaran mota suka zo cin abinci. Sannan ta durƙusa, ta zuba ƙwara, ta ja ɗan dutse. Da karin mai ƙona ruwa ta fara, don ta san karin ya riga ya san hanya. Mutane suka juyo suna shirin dariya.

Kyauta, Kyauta, na yi ƙarya,
shekara da shekaru ina yin ƙarya.
An aike ta wuta, ta dawo da tuwo,
an aike ta rijiya, ta cika randar maƙwabta.
Uku na haifa, na yabe su, suka tafi,
ta huɗu na ɓoye a bayan zagi.
Ga ta nan tsaye, ku duba, tawa ce,
ban yar da ita ba, a juji na bar zuciyata.
Mai ji ya ji, ko wane ne shi.

Baitin ƙarshe ta sake shi da ƙarfi, tana duban sama da ƙasa kamar mai jiran a amsa. Keken Lukuman ya tsaya da rigar wani a bakinsa. Kyauta ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Wata Bakambara mai sayar da daddawa, wadda Hausarta ba ta da yawa, ita ta fara ɗaukar amshi, sauran mata suka bi. Delu ta maimaita har sai da ta tabbata yaran mota sun riƙe, ta ma tsayar da wani ta gyara masa baiti.

Suna isa gida Kyauta ta yi atishawa.

Delu ta saki ƙwarya. Ta dafa mata goshi, ta dafa wuya, ta ce ta buɗe baki, ta aika a kira Ramotu, ta fara neman jiƙo. Kyauta ta sake yin atishawa, ta nuna bayan danga da hannu, hawaye suna zuba tana dariya.

"Inna, barkono suke dakawa."

Duk da haka Delu ta yi kwanaki tana dafa mata goshi safe da yamma, tana cewa ƙura take share mata.

Ba a gama yankan dawa ba Gwaggo Ruka ta sauka daga motar hatsi da ƙwaryar goro a ka. Tun daga gindin tsamiya ake jin ta tana rera waƙar, da wani baiti a tsakiya da ba na Delu ba, wanda matan Salka suka ƙara, wai tuwon Kyauta ya sa wani makaho ya ga hanya. Delu ta ce baitin bai zauna daidai ba, amma ta bar shi. Aka ɗaura aure bayan girbi. Da aka je jeren ɗaki, aka ja wata ƙwarya cike da curin mai daga ƙarƙashin gadon ango, mata suka yi ta guɗa, Delu ta ce a mayar da ita inda take.

Tsohuwar waƙar ba ta mutu ba, har yau akwai tsoffi a wajen Nasko da suke ce wa mai fasa tulu Kyauta. Amma a rijiyar Salka da sabuwar aka tarbi amarya, kuma ta zauna a garin har ta ga jikokin jikokinta.

Da Kyauta ta zo gida wankan haihuwar fari, namiji, matan unguwa suka cika ɗaki suna jira su ji abin da Delu za ta yi, yabo ko zambo. Ta karɓi jaririn, ta juya shi, ta duba kunnuwa, ta duba ƙafa.

"Wannan ne mijin nawa? Kai kamar tulu, ba ko sisin cefane?"

"Inna!" in ji Kyauta.

"Ke, yi mini shiru. Jika ne, zaginsa haƙƙina ne, ba don tsoron kowa ba." Ta gyara shi a kafaɗa, ta fara jijjiga shi, ta ce da shi a hankali rana ba ta gudu.